Basiru Mai Rediyo da Bandar Inna Dudu

A shekarun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, in rediyonka ya mutu a Yelwa, wurin Basiru za a tura ka. Rumfarsa tana bayan layin masu busasshen kifi. Samun rumfar ba wuya, samun mai rumfar ne aiki. Za ka tarar da benci, da kaskon gawayi da ƙarfen dalma a ciki ya yi ja, da rediyo uku ko huɗu an buɗe musu ciki an bar su haka nan. Basiru kuwa ya zagaya. In ka tambaya, maƙwabcinsa ya nuna maka hanyar tasha da leɓe. Kafin ka kai tasha ya biyo ta bakin ruwa ya dawo, ya kama wani aikin daban, ba wanda ya bari ba.

Ana haƙuri da shi ne don hannunsa na da kyau. Rediyon da aka ce a jefar, in ya shiga hannun Basiru sai ya yi magana. Aibinsa, wanda ni dai ban taɓa iya yafe masa ba, shi ne bai san inda aiki yake ƙarewa ba. Wani dattijo daga Ngaski ya taɓa kawo masa rediyo don a manne maɓallin murya da ya ɓalle, aikin da bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Sai da dattijon nan ya yi sawu huɗu. Ranar da ya karɓa, rediyon yana kamo tashoshin da babu mai jin yarensu a duk ƙasar Yauri, maɓallin kuwa yana nan a ɓalle.

Asalinsa ɗan masunta ne, daga Tungar Jabiru, can bakin babban tafki kudu da Warra. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma kamun kifi aikin zama ne da jira, shi kuwa Basiru ko a cikin jirgi sai ya miƙe ya koma, ya taɓa wannan ya kwance wancan. Da mahaifin ya gaji da kifewar jirgi da gudun kifi, sai ya kai shi Yelwa ya danƙa shi ga wani mai gyaran rediyo. A nan ya girma, ya yi aure, ya kafa rumfarsa. Bayan rasuwar mahaifin, mahaifiyarsa Inna Dudu ta ƙi barin tunga. Ta zauna tare da ƙanwarsa Indo, wadda ke aure a can, suna bandar kifi.

Bandar Inna Dudu ba ta bambanta da ta kowa ba a ido. Ginin laka ne zagayayye da ya kai ƙugu, da ragar waya a sama inda ake jera kifi, da ƙofa a ƙasa inda ake tura itace, sannan a rufe saman da tsohon kwano. Bambancin yana fuskarta. Sauran mata hannu suke sawa su ji zafi. Ita kuwa cewa take hannun da ya shekara arba'in yana feɗe kifi da wanke tukunya ya kurumce, ba abin da yake ji. Sai ta ɗaga kwanon, ta sunkuya, ta tura fuskarta cikin hayaƙin ido buɗe, kamar mai leƙen rijiya. Da kumatu take jin zafi. Da fatar ido take jin ko hayaƙin da sauran laima a jikinsa, wato kifin bai gama zubar da ruwansa ba, ko kuwa ya bushe, lokacin rage wuta ya yi. Ta ɗago hawaye na zuba, ta ce, "Indo, ɗebe icce biyu." A wuni tana yin haka sau talatin ko fiye.

Kifinta ba ya fumfuna, ba ya farfashewa a kwando ko da har Kudu aka kai shi. Fuskar nan kuwa ba tata ba ce ita kaɗai. A Tungar Jabiru banda shida ce, kuma duk matar da ta yi shakkar wutarta, ba ta ɓata lokaci, sai ta ƙwala kira, "Inna, zo ki jiyo min!" Inna Dudu ta ja zane ta tafi, ta leƙa, ta faɗi abin da za a yi. Haka aka tashi aka gani, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa wani abu.

Shekara biyu da samun jiha, da rani, Indo ta aiko wa Basiru cewa Inna ta fara zuba ruwa a gefen tukunya. Ya zo ya ɗauke ta da ƙyar, ya kai ta asibiti a Yelwa. Malamin asibiti ya haska mata tocila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja Basiru gefe, ko da yake tsohuwar tana jin komai. Ya ce idon hagu ya riga ya tafi. Na dama da saura, amma in aka ci gaba da ba shi hayaƙi, shi ma ba zai daɗe ba.

A jirgin inji, suna komawa, Basiru ya kasa zama. Ya je gaba ya dawo, ya tsuguna kusa da ita.

"Inna, kin dai ji abin da malam yac ce."

"Na jiya. Shi malamin ya taɓa banda?"

"Ki bar wa Indo. Ta iya."

"Indo ta iya tura icce," in ji Inna Dudu. "Ni ban ƙi zama ba, Mai Rediyo, ƙahwahuna ma sun gaji. Amma in na zamna gindin mangwaro, wa za ya ji min wuta?"

Mai Rediyo take ce masa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Tambayar ba ta neman amsa ba ce, rufe magana ce. Amma a kan Basiru ta sauka, kuma daga ranar ya rasa sukuni. Ido ɗaya ya rage wa mahaifiyarsa, kuma ya san ba roƙo ko faɗa da zai fitar da ita daga hayaƙi. Sai dai in an samo abin da zai shiga hayaƙin a madadinta.

A cikin wata tsohuwar talabijin da mai ita ya yafe, akwai wani ɗan abu baƙi kamar ƙwayar wake, mai ƙafafu biyu na waya. Basiru ya daɗe da lura cewa in abin nan ya ɗumama, yakan bar wutar batir ta ƙara wucewa ta cikinsa. Ya ciro shi, ya haɗa shi da wasu ƙananan kayan cikin rediyo guda biyu da ake kira tiransista, ya yi wani ɗan abu mai kuka kamar sauro. Ya kusantar da ƙwayar ga kaskon gawayi, kukan ya sirance ya hau sama. Ya janye ta, kukan ya yi kauri ya sauko. Ya yi ta maimaitawa yana dariya shi kaɗai, har maƙwabcinsa ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Saura kukan ya yi tafiya ba igiya, don waya daga banda zuwa gindin mangwaro ba za ta kwana ba a garin da awaki ke yawo. Ya kwance wani mataccen rediyo, ya sake naɗa siririyar wayar da ke jikin baƙar sandarsa, ya juya aikin: maimakon ya kamo murya daga iska, sai ya jefa ta cikin iska. Ya nemi gurbin da babu tasha a matsakaicin zango ya ajiye kukan a can. Ya zuba komai a cikin robar sabulun wanka, ya ɗaura batir huɗu da tsinken roba, ya fito da doguwar waya ya rataye a saman rumfa. Ranar gwaji ya kunna abin, ya manna rediyo a kunne, ya ratsa kasuwa da sauri yana so ya ji inda kukan zai yanke. Ya take tabarmar mai albasa, ya kusa kifar da tiren mai ƙosai, bai ko waiwaya ba. Sai da ya kai bakin ruwa kukan ya dushe. A ranar mutane da dama suka yi wa matarsa Halima jaje.

Ya kai abin tunga. Ya ɗaura ƙwayar a jikin ragar banda, ya ajiye robar a waje inda wuta ba ta kai, ya miƙa wa Inna Dudu rediyo. Ta saurara tana yatsine fuska.

"Wanga mi na? Sauro ka kawo min?"

"Ki leƙa wutar yadda kinka saba, Inna, ki ji zahinta, sannan ki ji kukan. Ki riƙe su tare."

Ba ta so, amma kunnenta ya fi taurin kanta. Ta leƙa, ta saurara. Indo ta ƙara itace, ta sake leƙawa, ta sake saurara. Kafin azahar ta rana ta biyu, tana zaune a kan turmi sai ta ce, "Ta yi yawa," ba tare da ta ɗaga kwano ba. Indo ta ɗaga ta duba, kifin ya fara tsatsafo da mai. Basiru ya yi tsalle kamar ba magidanci ba. Tsohuwar ta bari ya gama, sannan ta ce, "Zahi ya jiya. Ruwa hwa?" Ta tashi ta je ta tura fuskarta cikin hayaƙi.

Gaskiyarta ne, kuma ya sani. Ya koma Yelwa yana ƙunar rai. Mako uku yana gwada gishiri, da takarda, da fatar akuya, ba wanda ya yi. Mafita daga wani mai goge ta zo, mutumin Shanga, da ya kawo lasifikarsa gyara. Suna hira yana ƙorafin damina ta kusa, tsirkiyar gogensa za ta fara saki, kullum sai ya ɗaure. Basiru ya ajiye ƙarfen dalma ya tambaye shi da me ake tsirkiyar. Mai goge ya dube shi kamar baƙo ya ce da gashin wutsiyar doki mana. Kafin mutumin nan ya ankara, Basiru ya roƙe shi silin gashi goma, ya manta da lasifikar gaba ɗaya.

Ya wanke gashin da ruwan toka don maiƙon ya fita. Ya samo dogon gwangwanin maganin sauro da ya ƙare, ya huda shi ko'ina da ƙusa, ya miƙe gashin a ciki. Kai ɗaya ya ɗaure a gindin gwangwani, ɗaya kan kuma a jikin wani ɗan harshen tagulla da ya ciro daga tocila. In hayaƙi na da laima, gashin ya saki, harshen ya taɓa ƙusa, sai kukan ya riƙa tsinkewa, tsit, tsit, tsit. In hayaƙin ya bushe, gashin ya ɗame, harshen ya ɗaga, sai kukan ya miƙe ba yankewa. Kaurin murya na faɗin zafi, tsinkewarta na faɗin ruwa. Ya gwada a kan tukunyar Halima tana tafasa, har ta kore shi daga madafa.

Da farkon damina ya kafa shi a bandar Inna Dudu, kuma abin ya yi. Ta gwada shi wuni guda cur tana neman ta kama shi da ƙarya, ba ta samu ba. Washegari ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, ta zauna da rediyo a cinya tana ba Indo umarni daga nesa. Basiru ya tsaya yana kallonta, idonta ba hawaye, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya daɗe bai ji ba. Da ya ƙara kwana biyu da ya ga abin da ke tafe. Amma ina, ƙafarsa ta riga ta fara ƙaiƙayi, ya bi jirgin yamma ya koma.

A daidai ranar, mijin Umma, maƙwabciyarsu, yana murɗa rediyonsa yana neman labarai sai ya ci karo da kukan. Ya kira matarsa. Umma ta saurara, ta gane shi ne abin da ke cinyar Inna. Kafin la'asar duk tunga ta ji cewa yanzu ba sai an kira Inna ba, ɗanta ya sa fuskarta a rediyo. Indo ma, cikin alfahari da yayanta, ta koya musu karatun kukan: in ya yi kauri a ƙara itace, in ya sirance a rage, in yana tsinkewa da sauran ruwa. Kowace ta ari rediyon mijinta ta ajiye a gefen bandarta. Kada ka yi musu dariya. Shekara da shekaru fuska ɗaya ce ke jiyo wa banda shida wuta, to me zai sa su zaci wadda ta gaje ta za ta yi rowa? Ba wadda ta tuna cewa Inna takawa take yi ta je ta leƙa, ƙwayar nan kuwa tana ɗaure a wuri ɗaya.

Kwana biyu abin ya tafi lafiya, don kusan lokaci ɗaya suke hura wuta, kuma kifi iri ɗaya aka samu. Rana ta uku aka kawo wa Inna Dudu giwan ruwa babba, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, ga itacenta ya sha ruwan sama. Wutar ta ƙi kamawa sosai, kukan ya yi ta gurnani a ƙasa yana tsinkewa. Sauran matan kuwa ƙananan karfasa ne a bandarsu, sun kusa bushewa. Suka ji rediyo na cewa a ƙara, suka ƙara. Bai sauya ba, suka sake ƙarawa. Umma har da tura kututture. Ƙauri ne ya fara tashi, sannan ihu. Kifin mata biyar ya zama gawayi, wuta ta lashi rumfar bandar Umma, da ƙyar aka kashe da ruwan tafki.

Inna Dudu ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta sa Indo ta kwashe giwan ruwan nan ta rarraba wa matan, ta ce a ciro abin daga bandarta, ta naɗe tabarmarta. Da safe ta zagaya banda shida ɗaya bayan ɗaya tana tura fuska, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Da labari ya kai masa, Basiru ya iso a fusace, tun daga bakin ruwa ake jin muryarsa.

"Wa yac ce ku saurara? Na Inna na! Bandarta ɗai shika ji!"

Umma ta riƙe ƙugu. "Kai Basiru, ka ji tsoron Allah. Rediyo ya yi magana a ƙi ji? Ran da yac ce an ga wata, na gidanku na ku ɗai?"

Matan suka ɗauka gaba ɗaya. Basiru ya juya wurin mahaifiyarsa yana jiran ta tare masa. Ita kuwa kunya ce ta cika ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a tungar nan. Ta miƙa masa robar da gwangwanin a ƙunshe cikin tsumma.

"Ɗauki abinka, Mai Rediyo. Ban ce bai yi ba, ya yi. Amma bakinai ya cika yawa. Ran da ya koyi magana da ni ni ɗai, ka maido shi, in zamna."

To, a nan ne nake jin haushin Basiru har yau. Gyaran nan ba komai ba ne. Doguwar wayar ce ke kai kukan nesa. Ya datse ta ta koma kamu ɗaya, ya rage batir biyu, ya gwada, kukan bai wuce taku ashirin ba. Daga bandar Inna zuwa gindin mangwaro taku goma sha biyu ne. Kwana biyu da dawowarsa abin ya gama, yana ajiye a kan benci, jirgin tunga kuwa kullum yana tashi.

Amma maganar Umma ta tsaya masa a wuya. Ya ce a ransa, in ya mayar da ɗaya, matan nan ba za su daina kiran Inna ba. Gara ya yi shida, kowace banda da nata, kowanne da gurbinsa a rediyo, ya sauke su gaba ɗaya a gaban Umma ya ga abin da za ta ce. Tunanin ba laifi. Sai dai leƙen bandar maƙwabta sau ɗaya ne ko biyu a wuni, na bandarta kuwa sau talatin, kuma ya san haka sarai. Halima ta ce ya kai wanda ya gama tukuna, sauran su biyo baya. Ya ce mata ba ta san aiki ba.

Ƙarin ƙwaya biyar na nufin matacciyar talabijin biyar, a lokacin da masu talabijin a Yelwa ba su da yawa, balle waɗanda tasu ta mutu. Ya je Kontagora ya samo biyu. Ya je Jega ya dawo hannu wofi. Ya ji labarin wata a Zuru, ya tafi, ashe rediyo ne babba. Yana cikin haka sai ya lura kunkunniya na taruwa a jikin gashin dokin tana hana shi motsi, ya shiga neman yadin da zai tace hayaƙi. Da ya samu, sai robar sabulu ta daina yi masa kyau, ya ce akwatin katako ya fi, ya zauna sassaƙa. Ya rame, ba ya cin abinci a zaune, rediyon mutane suka taru a rumfa har ƙura ta rufe su. In ka tambaye shi Inna fa, sai ya ce ai don ita yake wannan wahalar, kuma da gaske yake faɗa.

Sau uku Indo tana aiko masa da mai jirgi. Saƙon bai sauya ba: "Ka ce wa Yaya ya taho." Kowane karo amsarsa ita ce kasuwa mai zuwa, saura kaɗan. Damina ta wuce, farin ruwa na damina ya cika tafki ya fara ja, aka shiga sanyi, baƙin ruwa, cikar kogi ta biyu, ya iso. Sai a lokacin na shidan ya yi kuka yadda yake so.

Ya sauka tunga da hantsi, da kwali a ka, ya sa sabuwar riga. Tun daga nesa ya hango Inna Dudu a gindin mangwaro, zaune a tabarma, hannuwanta a cinya. Ransa ya yi fari. Ashe ma ta ji magana ta bar hayaƙi da kanta, ga shi yana ta damun kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi Halima da yara, ta tambayi hanya. Bai bari ta gama ba ya miƙe, don ya ƙagu ya fara aiki.

Ya bi banda shida yana ɗaurawa yana bayani da ƙarfi, musamman a ta Umma. Abin da ya ba shi mamaki, Umma ba ta yi masa gardama ba. Ta ce masa sannu da aiki, ta sunkuyar da kai. Indo ma tana biye da shi tana miƙa masa waya, ba ta ko dubi fuskarsa ba. Ya ɗauka kunyar abin da ya faru ce. Ya gama da bandar Inna, ya murɗa rediyo har kukan ya fito tar, ya taho da saurinsa ya tsaya a gabanta.

"Inna, ga shi. Yanzu da ke ɗai shika magana. Karɓi."

Ta miƙo hannu biyu. Ba wajensa ta miƙo su ba, can gefen hagunsa ta miƙa, inda babu kowa, ta tsaya tana jira a sa mata. A wuyan hannunta na dama akwai tabon ƙuna, sabo, bai gama baƙi ba.

Basiru ya tsaya da rediyo a hannu yana kuka tsit, tsit. Ya waiwaya ya dubi Indo.

"Tun kahin sanyi," in ji Indo, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta hana a hwaɗa maka. Haka nan taka lalube ta tahi banda, har ran da tad dahe raga da hannu, sannan na hana ta. Wata guda ke nan tana zamne. Sau ukku ina aika maka, Yaya."

Ya durƙusa a gabanta. Ya kamo hannuwan mahaifiyarsa ya juyo su, ya ɗora mata rediyon. Ta shafa shi ta gano inda muryar ke fita, ta kai kunne. Fuskarta da ta yi wata guda a sake ta tattaru wuri ɗaya, irin yadda take yi in ta ɗaga kwano.

"Indo, mi kinka sa, tarwaɗa?"

"Ita ta, Inna."

"Da sauran ruwa, kuma wutar ta yi ƙasa. Ƙara icce guda, ba babba ba."

Indo ta tafi tana share ido da bakin zane. Basiru ya so ya yi shiru, amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya ji in bai faɗa ba yanzu ba zai sake iya duban tsohuwar nan ba.

"Inna, naki tun damina na gama shi. Kwana biyu ɗai yaɗ ɗauke ni. Shina aje bisa benci, ni na riƙe shi."

Ba ta ɗauke kunnenta daga rediyon ba. Can Indo ta tura itacen, kukan ya fara hawa a hankali.

"Na sani," in ji Inna Dudu. "Mai jirgi ya gane shi rumhwarka tun sannan, ya zaka ya hwaɗa min. Kullum in na ji inji ina cewa ga ka nan." Ta ɗan gyara rediyon a kunne. "Yi kurum yanzu, ba ni jin wutar."